Babi na Bakwai: Abin da Ƙodar Tattabara Take Faɗa

Tattabara ba ta da haƙora, shi ya sa take haɗiyar tsakuwa. Duk wanda ya taɓa gyara kaza ya ga yashi da ƙananan duwatsu a cikin ƙundu, waɗanda da su tsuntsu ke niƙa hatsin da ya ci. Tattabarar karkara a gona ko bakin rafi take tsintar nata duwatsun. Ta birni kuwa a gefen kwalta take samu, da gindin bangon da fentinsa ke ɓarewa, da harabar tashar mota, da bakin kwata. Kowace tsakuwa da ƙurar da ta kwanta a kanta take shiga, ƙurar nan kuma ita ce tarkacen duk abin da garin ke ƙonawa ko zubarwa. Ruwan da ke cikin tsuntsu mai tsami ne ƙwarai, yana narkar da ƙarfen da ke manne da ƙurar, daga nan sai jini ya ɗauka.

Ga kuma numfashi. Huhun tsuntsu ba irin namu ba ne mai kumbura ya saɓe. Yana haɗe da wasu jakunkunan iska, galibi guda tara, waɗanda ke tura iska ta ratsa huhun ta hanya ɗaya, ko tsuntsun yana shaƙa ko yana fitarwa. Wannan tsari ne ke ba shi ƙarfin tashi, kuma shi ne ke sa iska mai guba ta riga kama shi kafin ta kama mutum. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe da cin moriyar wannan. Tun a shekarun 1890 masanin numfashi John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, kuma aka yi ta shiga da kanari a keji har zuwa 1986. In kanarin ya yi shiru ya faɗo daga kan sandarsa, ma'aikata sun san lokacin fita ya yi.

Sai dai kanarin rami gubar nan take yake nunawa, wadda ke kayar da mutum a cikin mintoci. Gubar birni ta fi wannan haƙuri. Kaɗan-kaɗan take shiga, shekara da shekaru, ba wari ba ɗaci, kuma ba ta kayar da kowa a titi. Wanda ke son ganinta dole ya buɗe jiki ya duba hanta da ƙoda da huhu da ƙashi. A nan tattabara ta fi kusan kowane tsuntsu amfani, saboda ba ta ƙaura. Inda aka ƙyanƙyashe ta nan take girma, kuma yawanci yawonta na neman abinci bai wuce kilomita biyu ba. Abin da aka tarar a jikinta, a unguwar ta samo shi.

Wani zai ce ai akwai na'urorin auna iska, me ya kai mu ga farke tsuntsu? Na'ura tana da amfaninta, kuma ba wanda ya ce a jefar da ita. Amma tana da tsada, tana son wutar lantarki da mai kula da ita, kuma abin da aka ƙera ta don aunawa kaɗai take gani, a daidai inda aka kafa ta. Ba ta cin abinci a ƙasa, ba ta shan ruwan kwata. Mafi muhimmanci, ba ta rashin lafiya. Za ta gaya maka cewa akwai kaza da kaza na dalma a iska, amma ba za ta gaya maka nawa ne ya shiga jikin mai rai ba, balle abin da ya yi bayan ya shiga, balle abin da ke faruwa in guba uku ko huɗu sun haɗu a jiki ɗaya. Wannan amsa sai a tsoka.

A 1980 aka wallafa wani bincike da har yau masana ke komawa gare shi. Wasu masu bincike biyu, Hutton da Goodman, sun kama tattabaru daga tsakiyar Landan, da unguwannin gefen gari, da kuma karkara, suka auna dalma da kadmiyom da zinki a sassan jikinsu. A lokacin motocin Ingila fetur mai dalma suke sha. Sakamakon ya fito a jere: gwargwadon kusancin tsuntsu da tsakiyar gari, gwargwadon yawan dalmar jikinsa. Dalmar da aka samu a cikin abin da tsuntsayen suka ci ta nuna cewa ta baki mafi yawanta ke shiga, wato ƙurar titi da ke kan abinci da tsakuwa. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin ƙaramin yaro mai rarrafe, mai kai hannu baki, ta wannan hanyar shi ma yake ɗaukar tasa.

Kashi na biyu na binciken ne ya fi jan hankalina, domin a nan aka bar tambayar “nawa ne” aka koma “me ta yi”. Ƙodar tattabarun tsakiyar gari ta fi ta na karkara nauyi. Da aka yanka ta siriri aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai aka ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakiyar ƙwayoyin halittar ƙodar. Dalma ce haɗe da furotin. Jiki ne ya tattara ta ya ƙulle wuri ɗaya don ya rage mata ɓarna, kuma likitocin dabbobi da na mutane sun san wannan alama a matsayin tambarin gubar dalma. A jini kuma, aikin wani sinadari mai suna ALAD ya faɗi warwas. Shi wannan sinadari yana cikin waɗanda ke haɗa jan launin jini mai ɗaukar iska, kuma dalma na daƙile shi tun tana 'yar kaɗan. Duk da haka tsuntsayen suna tashi, suna cin abinci, suna ƙyanƙyasa. Wanda ya gan su a dandali ba zai ce da abin da ke damun su ba.

Wannan shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Ɓarna tana fara bayyana a sinadaran jini, sannan a ƙwayoyin halitta, sannan a gaɓa, kuma sai can daga baya ne tsuntsu zai fara tangaɗi, fuka-fukansa su saki, kashinsa ya koma kore. Wanda ya jira ganin gawa ya makara da shekaru.

Kowace gaɓa da irin labarin da take riƙewa. Jini na makonnin baya-bayan nan ne. Hanta da ƙoda suna riƙe na watanni, ita ƙoda ma in kadmiyom ne tana tara shi tsawon rai, domin jiki ba shi da wata hanyar kirki ta fitar da shi. Ƙashi kuwa kamar littafin bashin ɗan kasuwa yake, abin da aka rubuta tun tsuntsu yana ƙarami yana nan ba a goge ba, domin jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin gina ƙashi ne, ya ajiye ta a wurinsa. Don haka ne ma aka ga matan tattabarun Landan sun fi mazan dalma a ƙashi: mace tana tarawa da kwashe sinadarin ƙashi a kai a kai don yin ɓawon ƙwai, dalma kuma tana bin wannan zirga-zirga. Gashi yana ɗaukar abin da ke cikin jini a kwanakin da yake tsirowa, musamman zaiba. A Suwidin, gashin tsuntsayen da ke ajiye a gidajen tarihi ne ya nuna yadda zaiba ta hauhawa bayan an fara shafa wa irin shuka maganin da ke ɗauke da ita, kuma ƙasar ta hana wannan magani a 1966.

Huhu ba ya ma buƙatar dogon bayani, ido na gani. Masu bincike daga Sin da Amurka sun duba tattabarun kiwo a Beijin da Chengdu, suka wallafa sakamakonsu a 2010. Dabarar zaɓar na kiwo tana da kyau: mai su ya san shekarunsu, ya san abin da yake ba su, ya san cewa a saman unguwar suke shawagi kullum. Huhun lafiyayyen tsuntsu ja ne mai haske. Na tattabarun Beijin da yawa sun dusashe da baƙin hayaƙin da ya maƙale a ciki, irin cutar da aka sani a huhun masu haƙar kwal, kuma sinadaran da ƙonewar kwal da man fetur ke haifarwa sun fi yawa a jikinsu.

Akwai wata baiwa da jinin tsuntsu ke da ita wadda namu ba shi da ita. Jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da cibiya, na tsuntsu kuwa suna da ita, da zaren gado na DNA a ciki. Saboda haka ɗigo ɗaya daga jijiyar fiffike ya isa a duba ko guba ta tsittsinka zaren. A wani gwajin ana shafa jinin a gilashi a ƙirga ƙwayoyin da wani ɗan guntu ya ɓalle daga cibiyarsu. A wani kuma ana sa ƙwayar a cikin lantarki mai rauni, guntayen da suka karye su zame gefe ɗaya su yi jela. Tsawon jelar shi ne yawan ɓarnar. Bayan haka a saki tsuntsu ya tashi.

To, shin abin da ke jikin tattabara yana da alaƙa da abin da ke jikin mutane? Biranen da suka gwada sun samu amsa. A Tokyo, wani mai bincike mai suna Ohi da abokan aikinsa sun nuna a 1974 cewa tattabarun tsakiyar gari cike suke da dalma. Japan ta fara sayar da fetur marar dalma a 1975, kuma da suka sake aunawa suka wallafa a 1981, sai ga dalmar jinin tsuntsayen ta sauka. Wato tsuntsu yana iya ba da shaidar cewa doka ta yi aiki, ba ta ɓarna kaɗai ba.

A New York kuma, Rebecca Calisi da ɗalibarta Fayme Cai sun bi bayanan tattabaru 825 da aka kai wata cibiyar jinyar tsuntsaye tsakanin 2010 da 2015, kowace da unguwar da aka tsince ta. Suka jera waɗannan da alƙaluman hukumar lafiya ta birnin a kan dalmar jinin yara. A tsibirin Manhattan, unguwannin da tattabarunsu suka fi dalma su ne waɗanda yaransu suka fi. Har lokacin shekara ya zo ɗaya, domin da zafi dalmar tsuntsayen ke hauhawa, kuma an daɗe da sanin haka take yi a jinin yara. Ku tuna birnin ya hana fenti mai dalma a gidaje tun 1960, Amurka kuma ta gama raba motocinta da fetur mai dalma a 1996. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda aka watsar shekaru hamsin da suka wuce tana nan a ƙasa, iska na tayar da ita duk lokacin da ƙasa ta bushe. An sake ganin irin wannan dacewa a garuruwan haƙar ma'adinai na Ostireliya irin su Broken Hill da Mount Isa, inda masu bincike daga Jami'ar Macquarie suka nuna cewa jinin gwara yana nuna unguwannin da yara ke cikin haɗari.

Duk da haka shaidar tsuntsu tana son a karanta ta da natsuwa, kuma wanda ya yi gaggawa zai ɗora wa guba laifin da ba nata ba. Tattabarun Faris da yawa ba su da wasu yatsun ƙafa. An daɗe ana cewa cuta ce, ko kuwa tsayuwa a kan ƙazanta. A 2019 Frédéric Jiguet da abokan aikinsa suka duba wurare 46 a birnin. Sun ga gundulmin ya fi yawa inda jama'a da hayaƙi da hayaniya suka fi yawa, amma kuma ya fi yawa inda shagunan gyaran gashi suka fi yawa. Bayanin da ya fi dacewa shi ne gashin mutum da zare, waɗanda ke nannaɗe yatsa su shaƙe shi har ya mutu ya faɗi. Rauni na gaske ne, birni ne ya jawo shi, amma ba sinadari ba ne. Haka kumburin hanta yana iya zama na ƙwayar cuta, ramewa tana iya zama ta yunwa ko tsutsar ciki. Tsohon tsuntsu ya fi ƙarami tara ƙarfe ko da a gida ɗaya suke. A wani binciken da aka yi a Holan a 1997, tattabarun unguwar Amsterdam mai cunkoson motoci sun fi na sauran wurare dalma da kadmiyom ƙarara, amma alamomin lalacewar DNA ba su bi yawan motoci sau da ƙafa ba. Saboda haka bincike mai kyau yakan haɗa abu uku: a ga raunin, a samu gubar a gaɓar da raunin yake, kuma a kwatanta da tsuntsaye irinsu, masu shekaru kamarsu, daga wuri mai tsabta.

In aka haɗa su daidai, hujjar takan yi ƙarfin da ba a iya kauce mata. Haka aka yi da ungulayen Indiya da Pakistan, waɗanda suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari daga shekarun 1990. Da aka buɗe gawarwakinsu a Pakistan, mafi yawansu kayan cikinsu sun lulluɓe da wani farin gari kamar alli. Farin da muke gani a kashin tsuntsu shi ne fitsarinsa, kuma in ƙoda ta mutu sai ya taru a cikin jiki. Lindsay Oaks da tawagarsa suka bi sawun wannan alama har suka gano a 2004 cewa maganin ciwon jiki ne mai suna diclofenac, da ake yi wa shanu allurarsa, ungulu kuma ta ci mushen. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana ba dabbobi shi.

Ba na jin daɗin cewa yawancin ilimin nan da wuƙa aka same shi. Tattabarun Landan da na Beijin kashe su aka yi. A ganina yanzu babu dalilin kashe lafiyayyen tsuntsu don aikin sa ido na yau da kullum, tunda jini da gashi da ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba suna ba da amsa mai yawa, kuma birni ba ya rasa tsuntsayen da mota ta buge ko suka mutu da kansu.

Mu a arewacin Najeriya wannan magana ba labarin nesa ba ce. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da mace-macen ƙananan yara da ba a saba gani ba a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yara na jijjiga, suna suma, maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Ashe duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gida ana daka su, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, cike suke da dalma. A wasu gidaje an auna fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasar tsakar gida, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don wurin wasan yara 400 ne. Yara aƙalla 400 suka rasu a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan, dubbai kuma suka tsira da lahani a ƙwaƙwalwa. Da jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka zo bincike, mutanen ƙauyukan suka ba su labarin cewa tun kafin yara su fara mutuwa agwagi sun fara ɓacewa. Kowa ya gani. Babu dai wanda aikinsa ne ya ɗauki mushen agwagwa ɗaya ya kai wa likitan dabbobi ya buɗe. Ban ga laifin mutanen ƙauye a nan ba ko kaɗan, domin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa mutuwar agwagwa na iya zama saƙo game da 'ya'yansu. Shekaru biyar bayan haka, a 2015, irin wannan annoba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28.

Biranenmu ma suna da nasu hanyoyin guba. An daina sayar da fetur mai dalma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara daga farkon 2006, amma wadda motoci suka fesar kafin nan tana kwance a gefen tsofaffin tituna. Akwai masu fasa tsofaffin batiran mota su narkar da dalmar a fili. Akwai masu ƙona wayoyin lantarki don fitar da jan ƙarfe, da masu babbakar fata da tayoyi a mayanka, da hayaƙin janareta a lungu mai ƙunci. A Kano akwai ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da kuromiyom. A Agbogbloshie ta Accra, wani gwaji da aka fitar a 2019 ya nuna cewa wanda ya ci ƙwai ɗaya na kajin da ke kiwo a wurin ƙona tarkacen lantarki ya haɗiyi gubar dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ke ganin jiki zai iya jurewa a rana.

Wannan misali na ƙwai ya kawo mu ga wani bambanci tsakaninmu da Landan. Baturen Landan ba ya cin tattabarar dandali. Mu kuwa kiwon tattabara muke yi a soraye da tukwanen da aka maƙala a bango, su fita kiwo da safe su dawo da yamma, kuma farfesun 'yan shila abinci ne da ake kai wa mai jego da marar lafiya. Hanta da ƙundu, inda ƙarafa ke taruwa, su ne sau da yawa rabon yara. Saboda haka a wurinmu tsuntsun da ke nuna gubar yana iya zama kuma hanyar da gubar ke bi ta iso akushi. Ba ina cewa a daina ci ba. Ina cewa tattabarar da ke kwana kusa da wurin narkar da batir ta cancanci a auna ta kafin a dafa 'ya'yanta.

Wannan al'ada ta kiwo ita ce kuma ke sauƙaƙa aikin. Abin da masu binciken Beijin suka nema, wato tsuntsu mai sanannen gida da sanannun shekaru, yana nan a kusan kowace unguwa a Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi. Akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a kusa da Jos. Ɗalibi ɗaya da malaminsa za su iya zaɓar unguwanni goma, su nemi yardar masu kiwo, su ɗebi jini sau biyu a shekara, da rani da damina, su rubuta unguwa da shekarun tsuntsu da jinsinsa. Wanda ya mutu a sa shi a leda mai tsabta, a rubuta rana da wurin da aka tsince shi, a ajiye a firji har a samu damar duba ƙodarsa da hantarsa. Unguwar da tsuntsayenta suka fi dalma, ita ce ya kamata ma'aikatan lafiya su fara zuwa su auna jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar.